Alkamar da Inna Stana Ta Ƙi Karɓa

Ranar da aka raba gadon babanmu, ni na fi kowa saurin gama magana a kotu. Alƙali ya ɗago ido ta saman tabarau ya ce, "Borka 'yar Gradimir, kina da kaso a gidan nan daidai da na ɗan'uwanki. Kin karɓa?" Na miƙe na ce, "Ba na son komai. Na bar wa ƙanena." Haka uwata ta faɗa a nata lokacin, haka kakata, haka duk macen da ta san ciwon kanta a ƙauyenmu. 'Yar da ta karɓi kaso a gidan ubanta, har ta mutu da baki ake nuna ta. Alƙalin ma bai yi mamaki ba, ya dai sake tambayata sau ɗaya saboda doka ta ce ya tambaya.

Da muka fito, Mama ta sumbace ni a goshi a gaban jama'a, ta ja ni kanti ta saya mini ɗankwali mai furanni. Miladin, ƙanen nawa, ya kai mu gidan abinci ya sa aka gasa mana naman rago. Ya sha, ya yi kuka, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, muddin ina numfashi ƙofar gidan nan a buɗe take gare ki. Ɗakin bayan kicin naki ne har ki tsufa." Cinikin ke nan, ko da yake ba wanda ke rubuta shi: 'ya ta bar kaso, ɗan'uwa ya bar mata ƙofa. Gida ya koma sunan Miladin, sai kason Mama da ya tsaya a sunanta.

Gidan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ɗaki uku ne da kicin a gefen tudu, da rijiya, da rumfar inabi, da itacen tuffa da Baba ya dasa a shekarar da aka haife ni, daidai tagar ɗakin bayan kicin. Amma ni shi kaɗai gare ni. Mijina ya rasu bai bar mini ɗa ba, gidan da muka zauna kuma na danginsa ne, sun kuwa nuna mini hakan tun kafin a yi arba'in. Na kama ɗakin haya a Cacak, ina aiki a gidan burodi. Duk sanda mai gidan hayar ta ƙwanƙwasa mini bango wai na cika motsi, sai in ce a raina, yi ta bugawa, 'yar ƙwal uba, ni ina da wurin zuwa.

Sai ɓarin jikin Mama ya shanye. Bakinta bai taɓu ba, hankalinta ma ras yake, amma hannu da ƙafar hagu sun tafi. Vesna, matar Miladin, ta fara jinyarta, ba a jima ba ta gano ita ma tana da ciwon baya, ciwon da bai taɓa hana ta rawa a gidan biki ba. Na ɗauko Mama na kawo ta ɗakina. Na gwada, Allah ya sani na gwada. Amma ina fita aiki tun da duhu, in dawo in tarar da ita a ƙasa tsakanin gado da bango, ta kasa tashi. Likita ya ce a kai ta gidan kula da tsofaffi kafin ta karya ƙugu.

Ranar da muka je ganin wurin, Miladin ya tsayar da ni a bakin mota. Ya kunna sigari, ya yi ta kallon takalminsa.

"Yaya, fanshon Mama ba zai kai ko rabin kuɗin wurin nan ba."

"To hukuma fa? Ba ta cikawa?"

"Tana cikawa mana, ai ba ta ƙi ba. Amma sai ta ɗora hannu a kan kason Mama. Ranar da Mama ta rufe ido, su buga wa gidan Baba ƙararrawar gwanjo. Ki zo ki tarar da wani ƙato yana shanya gajeren wandonsa a rumfar inabinmu."

"Kai me za ka iya kawowa?"

"Ni? Yaya, kin san yadda tuƙin babbar mota ya koma, yau da aiki gobe babu. Ga Nenad yana karatu a Belgrad, yaron nan ci yake kamar ba shi kaɗai ba."

Nenad ɗansa ne tilo. Miladin kuwa tun yana yawo ba wando ya san inda zai taɓa ni in motsa. Na ce, "Ba wanda zai taɓa gidan nan. Zan nemo."

Inda matan garinmu ke nemowa, nan na nufa: bas ɗin Ostiriya, wata uku can, wata uku gida. Na sami aiki a Linz wajen wata tsohuwa mai suna Hilde, wadda 'ya'yanta ke zuwa ganinta da fure a hannu da ido a kan agogo. Ni ke yi mata wanka, in canza mata ƙunzugu, in ba ta abinci a baki tana tofar mini. Ina wanke uwar wasu don a sami mai wanke tawa. Ba na cewa ban ji zafin abin ba, na ji. Amma duk wata in na tura kuɗi gidan tsofaffin, sai in ji kamar na ƙara wa gidanmu sakata. Haka shekaru suka yi ta tafiya, bayana ya sankare, gashina ya yi fari a ƙasar mutane.

In na dawo, wajen Mama nake wuni. Ta sami ɗaki mai taga, ta sami abokan gulma, har ta fi ƙiba. Da kaka ta yi, sai in tarar da tuffa jere a saman kabad ɗinta, yadda muke yi a gida don ɗaki ya yi ƙamshi har ƙarshen sanyi. Takan ce, "Ɗauko ɗaya ki sunsuna, na itacenki ne, Miladin ya kawo." Sai ta shiga ba ni saƙo: a gaya masa ya rufe bakin rijiya, a ɗaure inabi kafin iska, kar a bar ɓera ya shiga ɗakina ya ci katifa. Ɗakina take cewa. Ina jin daɗin kalmar nan har cikin ƙashina.

Bara, da bikin waliyyin gidanmu ya matso, wanda ake yi a gidan uba a kunna kyandir a yanka burodi tare da limamin coci, Miladin ya bugo mini waya ya ce rufi ya zube a kan kicin, sai dai a yi bikin a gidan abinci. Na tura kuɗin gyara, ban ko tambayi lissafi ba. Da bazarar bana na ce zan je in ga aikin, ya ce ma'aikata sun cika gida, ba wurin kwana. Mama ma ta kama hannuna ta ce, "Kar ki je ki shaƙi ƙura da wannan ƙirjin naki. Zauna nan kusa da ni." Har hawaye ya zo mini, don Mama ba mai irin wannan magana ba ce.

Bana, cikin kaka, Hilde ta mutu kafin wa'adina ya cika. 'Ya'yanta suka ba ni agogon bangonta da godiya, na hau bas ban gaya wa kowa ba. Na iso daidai Asabar ɗin matattu, ranar da ake kai dafaffiyar alkama makabarta a raba don ran mamata. Na ce yau dai da hannuna zan kai wa Baba, shekaru nawa Miladin ke zuwa a madadina. Na dafa alkama ta yi luguf, na zuba sukari, na sayi kyandir, na ɗaura ɗankwalin nan mai furanni, na hau motar ƙauye.

Makabarta ta cika. An yi ruwa, jar lakar tudu tana kama takalmi. Kowane gida ya shimfiɗa ƙyalle a kan kabarin nasa, ya jera burodi da cuku da barasar gida. Ka kunna kyandir, sannan ka zaga da kwanonka, kowa ya ɗebi cokali ya ce Allah ya gafarta masa. Ba a ƙin alkamar mamaci. Na ga mutanen da suka yi shari'a a kan iyakar gona, ba sa ga-maciji, amma ranar nan wannan ya ci na wancan.

Kabarin Baba ya yi ciyawa har gwiwa. Na tuge abin da zan iya, ina zagin Miladin ƙasa-ƙasa. Ina ɗagowa na lura gaisuwar da ake yi mini ta bakin leɓe ce, wasu ma sun juya baya suna gyara furen da ba ya bukatar gyara. Na ɗauka tsufana ne ya sa ba su gane ni ba. Na ɗauki kwano na nufi Inna Stana, maƙwabciyarmu, wadda ta riƙe ni a hannu ranar da aka yi mini baftisma.

"Inna Stana, don ran Baba."

Ta dubi cokalin, ta dube ni, ta mai da hannayenta ƙarƙashin mayafi.

"Na ƙoshi."

"Inna, alkamar mamaci ce. Ana ƙoshi da ita?"

"Au, ashe kin san al'ada? Ai na ɗauka kin bar ta a Ostiriya."

"Me na yi miki, Inna?"

"Ni? Ba ki yi mini komai ba. Tambayi wanda ke kwance a can. Gradimir zan yi masa addu'ata ba sai da cokalinki ba." Ta ɗaga murya yadda na nesa za su ji. "Kika tsaya a kotu kika ce ba kya so, muka yi ta sa miki albarka. Da kuɗin waje ya buɗe miki ido, sai kika dawo da lauya kika shaƙe yaro wai sai ya biya ki kasonki, har sai da ya sayar da gidan ubansa. Yanzu kin ɗauro ɗankwali kin zo kina rabon alkama. Ke ko kunyar kabari ba kya ji?"

Dariya ce ta fara kuɓuce mini, don maganar ba ta yi kama da komai ba.

"Wane gida aka sayar?"

"Ji ta! Wai wane gida."

"Inna, wa ya gaya miki wannan?"

"Daga bakin da ba zai yi miki ƙarya ba na ji. Matsa mini, kyandir ɗina na mutuwa."

Na tsaya da kwano a hannu a tsakiyar mutanen da suka san ni tun ina rarrafe, ba wanda ya miƙo hannu. Na rufe kwanon, na gangara ta hanyar bayan coci, ƙafafuna suna tafiya da kansu.

Da ba don rijiyar ba, da na wuce gidan. An shafe shi da farin fenti, an sa ƙyauren ƙarfe. Rumfar inabi ta tafi. Inda itacen tuffa yake an malale da siminti, wata doguwar mota tana tsaye a kai, kututturen na leƙowa a gefen taya don ba su iya tuge shi ba. Wata yarinya mai gajeren gashi ta fito da kare a hannu, ta tambaye ni ko na ɓata hanya ne.

Na ce, "A nan aka haife ni."

"Wayyo, sannu! Shigo mana ki sha gahawa. Mu daga Belgrad muke, hutun ƙarshen mako muke zuwa."

"Yaushe kuka saya?"

"Bazarar bara."

Wato tun kafin rufi ya zube. Na ɗaga kai na dubi rufin.

"Kun sha aiki a kan rufin nan."

"Rufi? A'a, lafiyarsa ƙalau, shi ne ma abin da ba mu taɓa ba. Wanda ya gina gidan nan ya san aikinsa."

"Ɗakin bayan kicin fa?"

"Ɗan ƙaramin nan? Banɗaki muka mai da shi. Kina so ki gani? Ya yi kyau sosai."

Yarinyar ba ta da laifi, amma da ta ƙara kalma ɗaya da na kifa mata kwanon alkama a ka. Na juya na kira Miladin. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Yaya! Yaya sanyin Ostiriya?"

"Ina bakin ƙofar da ka ce a buɗe take."

Ina jin ƙarar talabijin a bayansa.

"Yaya, ki tsaya in yi miki bayani. Ba yadda kike zato ba ne. Ina kan tuƙi yanzu, zan kira ki."

Ya kashe. Na sake kira, wayar a rufe.

A motar komawa gari ban yi kuka ba, tafasa nake yi. Amma tun kafin mu sauka daga tudu, tunanina ya koma kan Mama. Ba a sayar da gidan nan sai da sa hannunta. Na ga abin a idona: Miladin ya kawo takarda ya ce ta gyaran fansho ce, ya riƙe mata alƙalami. Sannan ya riƙa sayo tuffa a kasuwa yana jera mata a kabad, tsohuwa tana sunsunawa tana aika saƙo a rufe rijiyar da ta zama ta wasu. Tausayinta ya kama ni har ya danne nawa. Na yanke shawara ba zan gaya mata ba. Labarin nan zai iya ƙarasa ɓarin da ya rage. Zan haɗiye, in ci gaba da biya, ni da Miladin kuwa mu haɗu a inda ba ta gani.

Na same ta da la'asar a kujerarta mai taya, kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafa da bargo. Ɗakin na ƙamshin tuffa. Na gyara fuska tun daga bakin ƙofa.

"Mama, ga ni. Tsohuwar da nake wa aiki ta rasu, na dawo da wuri."

"Allah ya gafarta mata. Shi ne ba ko waya? Zo in gan ki. Kin rame."

Na sunkuya na sumbace ta. Na ajiye kwanon a kan tebur na ce na dafa wa Baba alkama. Ba kwanon ta kalla ba. Ƙafata ta kalla. Jar laka ta bushe a takalmina har idon sawu, kuma a duk yankin nan tudunmu kaɗai ke da irinta.

"Kin je ƙauye."

"Makabarta kawai."

"Wa kika gani?"

"Mutane."

"Kin gangara gida?"

Da a ce ba ta sani ba, da tambayarta ita ce yaya rufin, ya yi kyau? Da ta tambayi inabi. Amma ta kafe ni da ido, hannunta mai lafiya ya damƙe bargo, fuskarta irin ta wanda ya daɗe yana jiran bugun ƙofa. Na jawo kujera na zauna.

"Mama, kin sani."

"Rufe ƙofar nan, Borka. Ba na son matan nan su ji."

Na rufe.

"Ya yaudare ki ne? Ya ce takardar wani abu ce?"

"Wa zai yaudare ni? Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba. Ni na ce ya sayar. Nenad zai yi aure, yarinyar 'yar birni ce, ba za ta zauna a haya ba. Jikan Gradimir ke nan guda ɗaya, shi zai riƙe sunan gida, shi zai kunna kyandir in mun tafi. Bango ne gida, ko mutum?"

"Tun bara."

"Tun bara."

"Ina can ina kwashe kashin uwar wasu don kar a taɓa gidan, ashe babu gidan."

"Ki yi magana a hankali."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ta yi tsaki, irin wanda take mini ina yarinya in na yi tambayar wauta.

"In gaya miki ki yi me? Ki ce a ɗebi kuɗin gida a biya wurin nan? Da yanzu sun cinye rabi, yaro ya tashi ba komai. Ke kina da ƙarfinki, kina samu, ba ɗa ba jika. Wa za ki tara wa?"

"Kuɗin rufi fa?"

"Kujeru aka saya wa yaran. Ai ba a ƙasa aka zubar ba."

Na dubi saman kabad. Tuffa jere, ja-ja, kai ɗaya, ba tabo ko ɗaya. Na itacena ƙanana ne, masu tsami, rabi tsutsa ta riga mu. Tun bara nake sunsuna irin waɗannan ina lumshe ido, ni da na girma a gindin itacen. Wanda ya so a ruɗe shi ba ya wahalar da mai ruɗi, ni kuwa na so.

"Inna Stana ta ƙi cin alkamata, Mama. A gaban kowa, a kan kabarin Baba. Ta ce ni na kawo lauya na tilasta aka sayar. Miladin ya ɓata mini suna a garin ubana."

Mama ta kau da kai wajen taga.

"Ba Miladin ba ne. Shi ba shi da wannan dabarar."

Ta ci gaba, ba ta juyo ba.

"Stana ta zo duba ni, ta zauna a kujerar nan da kike kai, tana ta tambaya. Me zan ce mata? In ce ɗan Gradimir ya sayar da gidan ubansa da ransa da lafiyarsa? Da wane ido zai shiga coci? Da wane ido zai je jana'iza? Shi a nan yake, da su zai rayu. Ke kina waje, ba kya ji. Mutane sai sun sami wanda za su zaga, su yi kwana biyu su manta."

"Ni kika ba su."

"Ke mace ce, Borka. Sunanki na gidan wasu ne tun ranar da aka ɗaura miki aure. Shi nasa ne za a rubuta a kan dutse kusa da na ubansa."

Ta faɗe shi ba da mugunta ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ta yi kuka, da ta ce in yafe mata, da na sami inda zan riƙe. Amma bayani take yi mini, yadda take koya mini kwaɓin burodi. A wajenta ba ta ci amanar kowa ba, ta gyara gidanta ne da abin da ke hannunta, ni ce kuwa abin da ke hannunta.

"Ɗakina fa, Mama? Kullum kina cewa ɗakina, ɗakina. A kau da ɓera daga ɗakina. In bayana ya ƙare, in ba wanda zai ƙara ɗaukata aiki, ina zan je?"

Sai ta juyo ta dube ni, da mamaki na gaskiya a fuskarta. Ta ɗaga hannu ta taɓa gefen ɗankwalina, ta murza shi tsakanin yatsu, ta gane shi.

"Ke da bakinki kika ce ba kya son komai. Gaban alƙali. Ina wurin."

Na cire hannunta daga kaina a hankali na ajiye mata a kan bargo. Ban taɓa yi mata haka ba. Na miƙe.

"Borka."

Na tsaya.

"Kar ki je ki gaya wa Stana. Abin da ya wuce ya wuce. Ki bar wa ƙanenki fuskarsa." Ta nuna kwanon da haɓa. "Miƙo mini alkamar nan in ci don ran ubanki."

Ba a hana alkamar mamaci, kamar yadda ba a ƙin ta. Na buɗe kwanon, na ɗebo cokali na kai bakinta, yadda na yi wa Hilde shekara da shekaru. Hannuna ya saba. Ta tauna, ta haɗiye, ta ce Allah ya gafarta masa. A duk ranar nan ita kaɗai ta ci daga hannuna.

Na share mata baki. Ina ɗaukar jakata ta ce, "Sukarin bai ji ba. In za ki fita ki biya ta ofis, jiya sun tambayi kuɗin watan nan."